Masu Kwarmato a Gaban Kamara: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara ba mutane shawarar fina-finan da suka shafi tonon asirin gwamnatoci, tambayoyi kusan iri ɗaya ke ta dawo mini. Wasu daga ɗalibai masu karanta aikin jarida, wasu daga mutanen da suka ji sunan Snowden ko WikiLeaks, shafin intanet mai fitar da takardun sirri, a rediyo shekarun baya suna son sanin inda aka kwana. Ga su nan na tattara. Inda magana ta ja na bar ta ta ja, inda layi uku suka isa ban ƙara ba.

Wane irin fim ake nufi? Akwai jarumai a ciki?

Babu. Dokumantari ne, wato fim ɗin gaskiya: mutanen da abin ya faru da su ne ke fitowa da fuskarsu da muryarsu, a haɗa da takardu da tsofaffin hotuna da faifan labarai. Idan akwai wani ɓangare da ba a ɗauka ba lokacin da ya faru, wani sa'in akan sa 'yan wasa su kwaikwaya, amma mai kallo yana gane cewa kwaikwayo ne.

Inda ake ruɗewa shi ne labari ɗaya yakan fito ta ƙofa biyu. Fim ɗin Snowden na Oliver Stone da ya fito a 2016 wasa ne, ɗan wasa ne ya hau matsayin mutumin. Citizenfour kuwa shi da kansa ne. Haka The Post da Official Secrets, duk da cewa a kan abin da ya faru aka gina su, marubuci ne ya sa wa mutane magana a baki. Suna da daɗin kallo, amma kada a kafa hujja da su a wajen gardama.

Da wanne zan fara?

Citizenfour. Laura Poitras ce ta yi shi, ya fito a 2014, ya ci lambar Oscar a 2015. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ba bayan ƙura ta lafa aka zaunar da mutum ya ba da labari ba. Kamara tana cikin ɗakin lokacin da ake ƙulla abin.

A watan Janairun 2013 Poitras ta fara samun saƙonni a kulle daga wani da ya kira kansa Citizenfour, yana cewa yana da hujjar hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana kwasar bayanan sadarwar jama'a ba tare da an zarge su da komai ba. Ba a banza ya zaɓe ta ba. Tun bayan fim ɗinta kan Iraƙi jami'an Amurka suka sa mata ido, suka yi ta tsare ta a filayen jirgin sama suna bincikar kayanta. Wanda ya ɗanɗana shi ya san zafin. A farkon Yuni ita da ɗan jarida Glenn Greenwald da Ewen MacAskill na jaridar Guardian suka sauka Hong Kong. Sun ɗauka wani dattijo mai furfura za su tarar a otal ɗin Mira, sai ga saurayi ɗan shekara 29, Edward Snowden, ma'aikacin wani kamfanin kwangila.

Babban ɓangaren fim ɗin a ɗaki ɗaya aka ɗauke shi, cikin kwana takwas. Gado, kwamfuta, taga, shi ke nan. Duk da haka ban taɓa kallon fim ɗin harbe-harbe da ya sa gabana faɗuwa kamarsa ba. Akwai inda Edward Snowden ya zare wayar otal saboda ya san ana iya mayar da ita kunne. Akwai inda ya lulluɓe kansa da kwamfutarsa da jan mayafi kafin ya buga lambar sirri. Can kuma sai ƙararrawar gobara ta kama kaɗawa, kowa ya yi tsuru-tsuru ana zaton dabara ce ta fito da su waje, ashe gwaji masu otal ke yi. Za ka yi dariya, amma ba za ta kai ciki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya ƙi ya zama shi ne mai zaɓen abin da za a buga. Ya damƙa wa 'yan jarida takardun, ya ce su auna abin da ya kamata jama'a su sani. Ya kuma ce ba zai ɓuya ba, ranar 9 ga Yuni ya bayyana kansa. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa idan mun zo WikiLeaks.

Me ya tona takamaimai? Muryoyin mutane ake naɗa?

Labarin farko da Guardian ta buga umarni ne na wata kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa bayanan kiran abokan cinikinsa kowace rana: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa. Ba muryar ba. Gwamnati ta yi ta fakewa da wannan, wai ai ba a saurari kowa ba. To amma wanda ya san ka kira dillalin gidaje sau biyar a mako guda, ka kira lauya, sannan ka kira surukinka da tsakar dare, me zai yi da muryarka? Ya gama sanin halin da gidanka ke ciki.

Bayan wannan aka fito da shirin PRISM, wanda ta hanyarsa ake karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet, da yadda hukumar GCHQ ta Birtaniya ke tsotsar abin da ke bi ta wayoyin ƙarƙashin teku, har da batun wayar shugabar Jamus Angela Merkel. Wata uku kacal kafin wannan, an tambayi shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka, James Clapper, a gaban majalisa ko ana tara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a.

A 2015 majalisar Amurka ta yi dokar da ta taƙaita tara bayanan kira barkatai, a 2020 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa doka. Shi kuwa mai kwarmaton, an soke fasfonsa yana kan hanya, ya yi kusan kwana 40 a filin jirgin Mosko, a 2022 Rasha ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ana tuhumarsa da dokar leƙen asiri ta 1917, wadda ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi. An gyara abin da ya nuna, shi ba a yafe masa ba.

Kafin zamanin intanet fa, an yi irin wannan?

An yi, kuma da wahala ninkin ta yanzu. Akwai fina-finai biyu da nake so a kalla a jere.

Na farko The Most Dangerous Man in America na 2009, labarin Daniel Ellsberg. Shi ɗan gida ne, yana cikin waɗanda suka rubuta binciken sirri na ma'aikatar tsaron Amurka kan yaƙin Vietnam, shafi kusan 7,000 a kundi 47. Binciken ya nuna shugabanni huɗu a jere sun yi ta faɗa wa jama'a abin da suka san ba haka yake ba. A 1969 ya fara fitar da kundayen a jaka da dare yana kwafa shafi ɗaya bayan ɗaya a na'urar kwafi, wani lokaci har da taimakon 'ya'yansa. New York Times ta fara bugawa ranar 13 ga Yuni 1971, gwamnatin Nixon ta garzaya kotu ta hana, sai wasu jaridu suka ɗauka. Ranar 30 ga watan Kotun Ƙoli, alƙalai shida a kan uku, ta ce a ci gaba da bugawa. Ellsberg ya fuskanci ɗaurin shekara 115. Abin da ya cece shi shi ne gwamnati ta yi rawa ta yi juyi ta ɓata rawarta da tsalle: mutanen fadar Nixon suka fasa ofishin likitan ƙwaƙwalwarsa suna neman abin da za su ɓata masa suna, da maganar ta fito alƙali ya kori ƙarar a 1973. Daga cikin waɗannan mutanen ne aka samu masu hannu a Watergate, badaƙalar da ta sa Nixon ya sauka daga mulki. Ellsberg ya rasu a 2023 yana da shekara 92.

Na biyu sunansa 1971, ya fito a 2014, kuma shi na fi so in ba wa wanda ya gaji da labarin kwamfuta. Mutum takwas ne, cikinsu har da malamin jami'a da wasu ma'aurata masu 'ya'ya uku, suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, a garin Media na jihar Pennsylvania. Daren da suka zaɓa shi ne 8 ga Maris 1971, daren damben Muhammad Ali da Joe Frazier, don sun san hankalin kowa yana can. Suka kwashe takardu sama da dubu suka aika wa jaridu. Daga nan aka fara jin kalmar COINTELPRO, shirin da FBI ke bi da shi tana leƙen 'yan gwagwarmayar baƙar fata da masu adawa da yaƙi, tana haɗa su faɗa. An baza jami'ai kusan 200 neman su, ba a kama ko ɗaya ba. Sai bayan shekara 43 wasunsu suka fito da kansu, sun tsufa, suna da jikoki.

Na kalli fina-finai biyu kan WikiLeaks, kowanne da abin da ya ce. Wanne ne gaskiya?

Dukkansu sun faɗi gaskiya, kowanne ya bar wata. Abin da babu gardama a kai: a watan Afrilun 2010 WikiLeaks ta saki bidiyon jirgin yaƙin Amurka yana harbin mutane a Bagadaza a 2007, cikin waɗanda aka kashe har da ma'aikatan Reuters biyu. Sai takardun yaƙin Afghanistan da Iraƙi, sai wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000. Wanda ya fitar da su ƙaramin soja ne, Bradley Manning a lokacin, Chelsea Manning a yanzu. An yanke hukuncin shekara 35 a 2013, Obama ya sassauta a 2017.

We Steal Secrets na Alex Gibney, 2013, bai samu hira da Julian Assange, wanda ya kafa WikiLeaks, ba, kuma WikiLeaks ta fitar da rubutaccen martani layi bayan layi. Ko sunan fim ɗin ma ya jawo faɗa, don maganar satar asiri ba daga bakin 'yan WikiLeaks ta fito ba, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA Michael Hayden ne ya faɗe ta a kan aikin gwamnatinsu. Risk kuwa na Poitras ne, ta yi shekaru tana bin Assange da kamara. Ta nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 2016, sannan ta koma ta sake tace shi, wanda ya fito a 2017 ya fi na farko zafi a kansa, musamman kan yadda yake magana game da matan Sweden da suka zarge shi, zargin da ya musanta kuma aka jingine binciken a 2019. Ithaka na 2021 ta ɓangaren mahaifinsa da iyalinsa aka ba da labarin, don haka kada ka je can neman suka.

Shi Assange ya yi kusan shekara bakwai a ofishin jakadancin Ecuador a Landan, ya yi biyar a kurkukun Belmarsh, a watan Yunin 2024 ya amsa laifi ɗaya aka sallame shi ya koma Ostireliya. Ni dai ra'ayina, mutum zai iya zama mai wuyar sha'ani kuma abin da ya fitar ya zama gaskiya. Risk ne kaɗai ya iya riƙe waɗannan biyun a hannu ɗaya.

Duk wannan rigimar Turawa ce. Ina ruwanmu?

Ruwanmu ya kai wuya. A cikin waɗancan wasiƙun jakadanci akwai Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Aka yi ta shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A watan Disambar 2010 sai ga wata wasiƙa ta fito da ke cewa kamfanin ya ɗauki masu bincike su tono laifin ministan shari'a na lokacin don a matsa masa ya janye ƙarar tarayya. Kamfanin ya musanta. Wata wasiƙar kuma ta ruwaito wata babbar jami'ar Shell tana gaya wa jakadiyar Amurka cewa suna da mutanensu a ma'aikatun gwamnatin Najeriya da suka shafe su. Su ma sun musanta. Ko ma mene ne, ba daga majalisarmu muka ji waɗannan ba.

A Nijar kuwa, tun ana gina sansanin jirage marasa matuƙa na Amurka a Agadas, jaridar The Intercept ce ta bayyana girmansa da kuɗinsa a 2016, daga takardun da ta nema ta dokar 'yancin samun bayanai ta Amurka. Sojojin sun fice a 2024. Wanda yake son ya san irin aikin da ake yi da waɗannan jirage, ya kalli National Bird na Sonia Kennebeck, 2016, inda tsofaffin ma'aikatan shirin uku suka yi magana, aka kuma je Afghanistan aka ji ta bakin waɗanda aka jefa wa bam.

Takardun Panama na 2016 ma haka, guda miliyan 11.5 daga wani ofishin lauyoyi, da suka nuna yadda manya ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje. Premium Times na cikin jaridun da suka yi aikin, sunayen manyan Najeriya da dama suka fito. A Iceland firaminista ya sauka, a Pakistan kotu ta tsige Nawaz Sharif a shekarar da ta biyo. A nan an yi surutu na 'yan makonni.

Ai addini da al'ada sun hore mu da rufin asiri. Tonon silili ba hali ne mai kyau ba.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Mu mutane ne da babbar addu'armu ita ce Allah ya rufa asiri. Mai kai gulma ba shi da daraja a unguwa.

Amma a duba asirin wa ake rufawa. Maƙwabcinka da talauci ya kama, ko wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa, shi ne abin suturtawa. Wanda aka ba amanar kuɗin asibiti ya karkatar, ba asirinsa ba ne, haƙƙin mara lafiya ne yake zaune a kai. Malamai tun da can sun ware wuraren da faɗin aibin mutum ba gulma ba ne, ciki har da kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a kan cuta. Kuma surar nan ta Hujurati da ta hana cin naman mutane, ita ce ta hana bin diddigin asirinsu, ita ce kuma ta ce a tantance labari kafin a ɗauka. Idan aka lura, abin da Snowden ya tona shi ne gwamnati na leƙen asirin talakawa. To wa ya fara tonon sililin?

To gwamnati ba ta da ikon ɓoye komai ke nan?

Tana da shi. Inda sojoji za su bi gobe, sunan wanda ke kawo rahoto daga cikin 'yan bindiga, waɗannan fitar da su kisan kai ne. Kuma masu kwarmato sun taɓa yin ɓarna. A 2011 dukkan wasiƙun jakadancin nan suka fita ba a goge sunaye ba. Wani ɗan jaridar Habasha, Argaw Ashine, da sunansa ya bayyana a ciki, sai da ya bar ƙasarsa bayan 'yan sanda sun matsa masa ya faɗi majiyarsa. Nan ne bambancin da na ce a riƙe: wani ya ba 'yan jarida su tace, wani ya zazzage buhun gaba ɗaya.

A ɗaya ɓangaren, a shari'ar Manning janar ɗin da ya jagoranci binciken illar takardun bai iya nuna mutum ɗaya da aka kashe saboda su ba. Takardun Ellsberg da aka ce za su rusa ƙasa, gwamnati da kanta ta sake su duka a 2011. Sau da yawa hatimin sirri kunyar manya yake karewa.

Zan iya yarda da duk abin da fim ɗin gaskiya ya nuna?

A'a. An ce gani ya kori ji, amma abin da aka ga dama aka nuna maka shi ka gani. Darakta yakan ɗauki awa ɗaruruwa ya fitar da biyu. Kiɗan da aka sa ƙarƙashin fuskar mutum kaɗai ya isa ya mayar da shi mugu ko bawan Allah. Ni abubuwan da nake dubawa su ne: an nuna takardar ko faɗa kawai aka yi? An nemi jin ta bakin wanda ake zargi? Wa ya ba da kuɗin fim ɗin? Mene ne tsakanin darakta da mutumin da yake ɗauka? Poitras ba ta ɓoye cewa tana cikin labarin Citizenfour tsundum ba, kuma wannan ya sa na fi yarda da ita fiye da mai nuna kamar daga sama ya faɗo.

Fitowa a fim ko jarida ba ya jefa mai kwarmaton cikin haɗari?

Yana jefawa, kuma wani lokaci sakacin 'yan jaridar ne. Reality Winner ta buga wata takardar NSA kan kutsen Rasha a zaɓen Amurka ta aika wa The Intercept a 2017. Jaridar ta tura hoton takardar ga gwamnati don tabbatarwa, jami'ai suka ga alamar ninki, suka gane bugawa aka yi, suka duba mutum nawa suka buga ta, shida ne. Aka yanke mata ɗaurin shekara biyar da wata uku. Daniel Hale, ɗaya daga cikin mutum ukun National Bird, FBI ta kai samame gidansa ana cikin ɗaukar fim ɗin, a 2021 aka ɗaure shi wata 45. Takardun da aka danganta da shi sun nuna cewa a wani farmaki na wata biyar a Afghanistan, kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka kashe ba su ne aka nufa ba.

A nahiyarmu ba ma a tsaya kotu ba. Ahmed Hussein-Suale, wanda ya yi aiki da ɗan jaridar bincike Anas Aremeyaw Anas a fim ɗin Number 12 kan cin hanci a ƙwallon Ghana, wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin. Ranar 16 ga Janairu 2019 wasu a kan babur suka harbe shi a Madina, cikin Accra. A Afirka ta Kudu, Babita Deokaran, jami'ar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta Gauteng da ta tsayar da wasu biyan kuɗi da ba ta yarda da su ba, an harbe ta a ƙofar gidanta a watan Agustan 2021 bayan ta kai 'yarta makaranta.

Aikin Anas da na BBC Africa Eye, su ma kwarmato ne?

'Yan uwa ne amma ba ciki ɗaya ba. Mai kwarmato ɗan gida ne da ya fito da abin da ya gani a wajen aikinsa. Anas kuwa daga waje yake shiga da ɓoyayyar kamara, yakan kuma miƙa kuɗin da kansa ya ga wa zai karɓa, shi ya sa wasu ke cewa tarko yake ɗanawa. Sai dai ana jin tasirinsu da wuri. Fim ɗin Africa Eye kan shan kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, ya fito a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tarin mai kodin.

Akwai masu kyau da ba na Amurka ba?

Collective na ƙasar Romaniya, 2019. Gobara ta tashi a gidan rawa a 2015, mutum 27 suka mutu nan take, wasu da dama kuma suka mutu a asibiti daga baya, har da waɗanda ƙunarsu ba ta kai ta kisa ba. Jaridar wasanni ce, ba ta siyasa ba, ta gano ana tsarma ruwa a maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sayar wa asibitoci, likitoci da ma'aikata na ciki suka riƙa kawo mata hujja. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a asibitin gwamnati zai kalle shi da wani irin ido. Sai Icarus, 2017, inda shugaban ɗakin gwajin 'yan wasa na Mosko, Grigory Rodchenkov, ya bayyana yadda ake musanya fitsarin 'yan wasa ta wata kafa a bango a gasar Olympics ta Sochi a 2014. Sai How to Steal a Country kan iyalan Gupta, 'yan kasuwa, da mulkin Jacob Zuma a Afirka ta Kudu.

Idan ni ma na ga abin da bai dace ba a wajen aiki, doka za ta kare ni?

A Najeriya akwai dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Kowa na iya rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma kwana bakwai gare su su amsa. Jihohi da yawa sun yi shekaru suna cewa ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau. Amma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba, ma'aikaci kuma da ita aka tsoratar da shi tun ranar da ya kama aiki.

Tsarin ba mai kwarmato lada da ma'aikatar kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, tsari ne na ɓangaren zartarwa, ba doka ce ta majalisa ba. Ta hanyarsa aka gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a 2017, wanda ya tsegunta kuma ya yi watanni yana bin ladansa. Lada daban, kariya daban. Ghana ta yi dokarta tun 2006. Kafin ka buɗe baki ka ga lauya, kada ka yi amfani da waya ko kwamfutar ofis, kuma ka tambayi kanka mutum nawa ne suka taɓa takardar nan. Idan ku uku ne, an riga an san ka.

Me ya sa ba mu da irin waɗannan fina-finai da Hausa?

Ba labari muka rasa ba. Bidiyoyin da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki a 2018, waɗanda aka ce gwamnan Kano na lokacin ne ke karɓar daloli, shi kuma ya ce ƙarya ne, sun ishi fim na awa biyu: kwamitin majalisa, umarnin kotu da ya dakatar da binciken, ɗan jaridar da ya bar ƙasar a 2021. Binciken kuɗin makamai na ma'aikatar tsaron Nijar a 2020, da 'yan jarida irin su Moussa Aksar da Samira Sabou da suka sha shari'a a kansa, shi ma haka.

Abin da babu shi ne mai zuba kuɗi a aikin da zai ci shekara uku bai dawo da sisi ba, da lauyan da zai tsaya, da tashar da za ta nuna. A 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan biyar saboda fim ɗinta kan 'yan bindiga, ta kuma ci masu tauraron ɗan adam da suka nuna na BBC kan Zamfara. Mai tasha ya ga haka, gobe ka kawo masa naka, sai ya ce ka dawo jibi. Don haka kwarmatonmu a WhatsApp yake ƙarewa, murya ta minti biyu ba a san mai ita ba, ba a san yaushe aka naɗa ba, a yi ta turawa kwana uku a manta.

A ina zan same su?

Icarus yana Netflix. Na Africa Eye suna YouTube kyauta. Sauran sukan yi yawo daga wannan manhaja zuwa waccan, sai a bincika da sunan fim da na darakta tare, don akwai tarin bidiyoyin bogi masu ɗauke da sunan Snowden. Turancin Citizenfour yana da sauri kuma cike yake da kalmomin kwamfuta, a kunna rubutun ƙasan allo. Collective da harshen Romaniya yake, dole sai da rubutun.